Daƙiƙa 15 Ba Ta Isa a San Waƙa Ba

Mai karatu, yau ba sharhin sabon fim na kawo maka ba. Wani ƙorafi ne da ya daɗe ya na ci mani tuwo a ƙwarya, kuma tunda a wajen kallon fim abin ya taso, na ga babu inda ya dace in amayar da shi sai wannan fili.

Kwanan baya mu na zaune da ƙanne na da abokan su, mu na kallon "Forrest Gump", fim ɗin Tom Hanks wanda Robert Zemeckis ya ba da umarni a 1994. Da aka zo inda jirgi mai saukar ungulu ya ke kai Gump da abokin sa Bubba sansanin soja a Biyetnam, sai kiɗan jita ya tashi. Kafin mawaƙin ya buɗe baki, ɗaki ya kaure da dariya. Ɗaya daga cikin yaran ya ce, "Yaya, ai wannan waƙar mim ce!" Wallahi sai na ji kamar an watsa mani ruwan sanyi.

Ga wanda bai sani ba, mim shi ne ɗan guntun hoto ko bidiyo da ake yaɗawa a intanet, kowa ya liƙa masa nasa barkwancin ya tura gaba. Waƙar da su ke wa dariya kuwa ita ce "Fortunate Son" ta ƙungiyar Creedence Clearwater Revival, wadda ta fito a 1969, lokacin da yaƙin Biyetnam ke tsakiyar ci. John Fogerty ya rubuta ta cikin fushi, don ya ga 'ya'yan talakawa ake kwasa a kai fagen daga, 'ya'yan masu kuɗi da masu mulki kuwa su na samun hanyar zillewa. Shi da bakin sa ya ce auren jikan Shugaba Eisenhower da 'yar Richard Nixon a 1968 na cikin abin da ya tunzura shi. Sojojin Amurka sama da 58,000 su ka mutu a yaƙin, ban da ɗimbin mutanen Biyetnam da su ka ninka wannan adadi nesa ba kusa ba. To wannan kukan ne yanzu ake ɗora wa bidiyon duk wani abu mai tashi sama, ko da fankar ɗaki ce. Waƙar da aka yi don tsine wa yaƙi ta koma taken yaƙi na wasan yara.

Ni ta hanyar fim na san irin wannan kiɗa, wato rok na shekarun 1960 da 1970. Tun ina foli na ke da ɗabi'ar zama har sunayen ƙarshen fim su gama wucewa, in kwafe sunayen waƙoƙi a bayan littafi na, in je in nemo su. Haka na gamu da "Free Bird" ta Lynyrd Skynyrd, ta 1973. Minti tara ce cur. Ta na farawa a sanyaye kamar mai ban-kwana, ta yi ta jan ka a hankali, sai ka kai rabi sannan jita ta ɓalle da gudu. Daɗin gudun nan, jiran da ka yi ne ya haife shi. Zemeckis ya gane haka, shi ya sa ya ajiye wurin gudun sai lokacin da Jenny ta hau bakin barandar bene, rayuwa ta ishe ta. Amma a TikTok an datse jiran an yar, an bar gudun kaɗai, ana ɗora shi a kan mota mai sheƙa gudu. Mai dariyar bai ma san mawaƙin, Ronnie Van Zant, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1977 ba. Kamar a tsame naman miya ne a zubar da miyar, sannan a ce an ci tuwo.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Ba yaran intanet su ka fara wannan ɓarna ba, 'yan fim ne. Masu shirya fim da talabijin a Amurka sun yi ta haɗa "Fortunate Son" da jirage da dajin Biyetnam har abin ya zama jiki, wasu ma don lalaci kawai, don su huta da tunanin yadda za su nuna wa ɗan kallo zamanin da labari ya faru. Haka fim ɗin "Kingsman" na farko ya ɗora gudun "Free Bird" a kan faɗan kisan gilla a cikin coci. Yaran sun tarar da ƙofa a buɗe ne su ka shiga.

Kuma dole in yarda cewa wani lokaci mim ya na yin rana. A Satumbar 2020 wani bawan Allah a jihar Idaho ya ɗauki kan sa a waya ya na sulu a kan katako mai tayoyi, ya na kurɓar lemo, ya na bin waƙar "Dreams" ta Fleetwood Mac. Waƙar da ta zo ta ɗaya a Amurka tun 1977 sai ga ta ta dawo jerin Billboard bayan shekara 43, har ta kai ta 12. Cikin waɗanda su ka nemo ta, ba za a rasa masu sauraren faifan "Rumours" gaba ɗaya ba, su gano cewa an naɗe shi ne a lokacin da auren mutum biyu na ƙungiyar ke mutuwa, soyayyar wasu biyun kuma ta na wargajewa, amma su ka daure su ka tsaya gaban makirfo ɗaya. Wanda ya bi mim har ya isa nan, ba ni da faɗa da shi.

Faɗa na da wanda ya tsaya a bakin ƙofa ne ya ce ya ga ɗaki. Kada kuma ka ce wannan matsalar Turawa ce, ina ruwan mu. Duba wayar ka. Fuskokin 'yan wasan mu nawa ne su ka zama sitika a WhatsApp? Jaruma ta zage ta yi kukan mutuwar ɗa a fim, an yanko fuskar ana tura wa wanda kuɗin datar sa su ka ƙare. Darakta ya kwana ya na tsara fitowa, marubuci ya ɓata wata guda a kan labari, abin da ya rage a hannun jama'a shi ne daƙiƙa biyar. In aka ci gaba a haka, wata rana furodusa zai daina tambayar ko labari ya yi ma'ana, sai dai ya tambayi ina wurin da za a yanka ya yaɗu.

Ban hana kowa dariya ba, ni ma ina yi. Roƙo na ɗaya ne: duk guntun da ya burge ka, ka daure ka nemi cikakken sa ko sau ɗaya. Daren nan da na ba ka labari, bayan an gama fim na kunna wa yaran "Fortunate Son" daga farko har ƙarshe, ko minti biyu da rabi ba ta kai ba, na fassara masu abin da ta ƙunsa. Babu wanda ya yi dariya. Can sai ƙaramin su ya ce, "Yaya, ashe can ma talaka ake turawa gaba?"

Allah ya sa mu dace. Mu haɗu a wata mai zuwa.