Akwatin da Ake Sassaƙa wa Ruwa Hanya

Duk wanda ya taɓa ɗora hannu a bayan kwamfutar tebur tana tsakiyar aiki ya san hucin da ke fita daga cikinta. A kan wannan zafin aka gina wata sana'a mai zaman kanta: yanke akwatin kwamfuta, huda shi, sake masa fasali, domin ruwa ya zagaya a ciki ya kwashe zafin. Ruwa da lantarki ba sa ga maciji, amma masu wannan aiki sun zaunar da su ɗaki guda.

Dabarar ta girmi kwamfutar gida. Kamfanin IBM ya sanyaya manyan injinansa da ruwa tun shekarun 1960. Abin da ya faru a ƙarshen shekarun 1990 shi ne talakawan masu sha'awa a Amurka da Turai suka ɗauko ta suka kai ɗakunansu. Mutane ne masu tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfuta gudun da ya wuce wanda kamfani ya yanka mata, kuma fanka ta gaza musu. Babu shagon da ke sayar da kayan, sai suka nufi wurin 'yan gwangwan suna ciro ƙaramin lagireton da ke ɗumama cikin mota, suka haɗa da famfon tankin kifi irin na Eheim, suka sassaƙa dunƙulen jan ƙarfe da hannu. Akwatin lokacin ba a yi shi don lagireto ba, dole a sa masa zarto da injin yanka na Dremel. Daga larura aka fara, ado daga baya ya zo.

A nan ne nake ganin ainihin gwanintar take. Ruwa ba ya kashe zafi, ɗan dako ne kawai. Yana ɗaukarsa daga dunƙulen jan ƙarfen da ke manne da ƙwaƙwalwa ko katin hoto, ya kai shi lagireto, fanka ta hura shi waje. Fifikonsa a kan iska shi ne cikin cokali guda na ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na cokalin iska fiye da sau 3,000. Saboda haka gwani ba ya fara zane daga launi ko fitila. Tambayarsa ta farko ita ce ina lagireto zai zauna, mai tsawon milimita 240 ne ko 360, kuma daga ina zai shaƙi iska. Sai tankin ruwa, wanda tilas ya kasance sama da famfo, domin famfo irin D5 ko DDC ruwan da yake turawa shi ne man da ke sulɓe masa, in ya juya a bushe ya lalace. Sai ƙaramar mafita a can ƙasa inda za a tsiyaye ruwan ranar wanki. Sabon shiga yakan manta da ita, sai ranar ta zo ya rungumi akwati mai nauyin buhun masara yana karkata shi a kan baho. Akwai kuma doka da ba a karyawa: kada a haɗa jan ƙarfe da alminiyam a hanyar ruwa ɗaya, don ruwan zai sa ɗaya ya riƙa cin ɗaya a hankali har a samu toshewa ko yoyo.

Bayan an haɗa, sai a kunna famfo shi kaɗai, sauran kayan babu wuta, a shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗa a bar shi ya kwana. Wannan haƙurin yana burge ni fiye da duk wani ƙyalli.

Daga baya kasuwa ta shigo. Edvard König ya kafa kamfanin EK a Sulobeniya, kamfanoni irin Swiftech da Danger Den suka sauƙaƙa samun kaya, har Apple ya fitar da Power Mac G5 mai sanyin ruwa a 2004. A 2018 Lian Li ya fito da akwatin O11 Dynamic tare da Bajamushen nan Roman Hartung, wanda aka fi sani da der8auer: gilashi gaba da gefe, gurbin lagireto uku a shirye. Akwatin ya yi kyau ƙwarai, ya kuma buɗe wa dubban mutane ƙofa. Sai dai ya zo da asara. Yanzu ka duba hotunan injinan da ake baje kolinsu, sau da yawa sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su: miƙaƙƙen bututun roba mai tauri da aka lanƙwasa da zafi, ruwa mai launi, fitilu masu sauya kala. Har akan samu akwatin da gilashi ya toshe wa fanka numfashi, lagireto yana shaƙar hucin ɗan'uwansa. Wannan tufafi ne, ba gini ba. Ban ƙi ado ba. Lanƙwasa bututu ya faɗa daidai mahaɗarsa ba tare da ya tanƙware ba aiki ne na hannu mai daraja. Abin da nake ƙi shi ne adon da ke cin amanar aikin.

Mai son gwadawa a ƙasashenmu yana da ƙarin lissafi. Lagireto ba zai taɓa sa ruwa ya fi iskar ɗaki sanyi ba, don haka tsarin da ya wadatar a Berlin zai iya gazawa a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40. Ƙurar hunturu kuma tana cika siraran haƙarƙarin lagireto cikin 'yan makonni. Akwatin da aka saya a shirye bai san da wannan ba. Wanda ya zana nasa zai ƙara faɗin lagireto, ya sa ragar tace ƙura da ake zarewa a wanke, ya sa fankokin shigar da iska su rinjayi na fitarwa, domin ƙura ta rasa kafar da za ta saɗaɗa ta shiga.