Queen: In Faifai Ɗaya Za Ka Saya, Sayi na 1981

Jama'a masoya Queen, akwai tambayar da ba ta ƙarewa a tsakaninmu. Ƙaninka ya ji "We Are the Champions" ana ɗaga kofi a talabijin, waƙar ta shige shi, ya zo yana tambayar su wa suka yi ta. Wane faifai za ka miƙa masa? Tarin fitattun waƙoƙin wannan ƙungiya sun yi yawa a kasuwa, ga na ɗaya, ga na biyu, ga na uku, ga bugun Amurka, ga akwati mai faifai uku. Amsata ɗaya ce, kuma da ƙarfi nake faɗinta: Greatest Hits na farko, wanda ya fito a watan Oktoban 1981, bugun Ingila mai waƙoƙi 17. Shi ne uban tafiya.

Ba ni kaɗai na faɗa ba. A tarihin Birtaniya babu faifan da aka saya kamarsa. A 2022 ya zama na farko da ya haye kwafi miliyan 7 a ƙasar, kuma ya yi fiye da mako 1,000 a jerin fayafayan da ke tashe. Amma ku bar batun lissafi, mu shiga cikin kayan.

Wane irin ƙarfin zuciya ne zai sa a buɗe faifai da "Bohemian Rhapsody"? Waƙa ce ta 1975 mai kusan minti shida, ba ta da amshi, ta fara da muryoyi zalla masu sanyi, ta zarce zuwa piyanon Freddie Mercury mai taushi da ban tausayi, jitar Brian May ta shigo tana kuka, sai kawai a jefa ka cikin opera mai hayaniya da ban mamaki, inda muryoyin mutum uku kacal, Freddie da Brian da Roger Taylor, aka yi ta ɗora su bisa juna a sitidiyo har suka zama kamar taron jama'a, daga nan rok mai zafi ya fashe, sannan komai ya lafa. Mako tara ta yi a lamba ɗaya a Birtaniya a fitowarta ta farko. Ta cancanci fiye da haka!

Kana cikin mayar da numfashi sai bes ɗin John Deacon ya sauko da "Another One Bites the Dust", busasshe, mai nauyi, mai taƙama, irin kiɗan da ƙafa ke bi tun kafin kai ya yanke shawara. Deacon, wanda ya fi kowa shiru a cikinsu, shi ya rubuta ta, ta kuma hau lamba ɗaya a Amurka a 1980. Michael Jackson na cikin waɗanda suka ba su shawarar su fitar da ita ita kaɗai. Allah ya sa suka ji. Na uku kuma "Killer Queen" ta 1974, mai yauƙi da ƙwalisa da ɗas-ɗas ɗin yatsu. Waƙa uku, salo uku, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, amma daƙiƙa biyar sun isa ka san Queen ce. Wannan shi ne sirrin faifan gaba ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa nake fifita shi: yana nuna maka faɗin ƙungiyar nan a cikin ƙasa da awa ɗaya, ba tare da gurbi ko ɗaya na gyangyaɗi ba.

Ni dai inda zuciyata take shi ne "Somebody to Love" ta 1976. Freddie masoyin Aretha Franklin ne, kuma a nan ya nuna hakan a fili, da salon waƙar majami'un baƙaƙen fatar Amurka, murya tana roƙo, amshi yana tarbe ta, ana hawa ana sauka, har a zo wurin da komai ya koma ƙasa-ƙasa da tafi, a sake ginawa a hankali, sannan ya saki wannan murya tasa mai faɗi, mai kaifi, mai ratsa jiki. Tsigar jiki sai ta tashi. Kowane lokaci. Ga kuma "Don't Stop Me Now", wadda a zamaninta lamba tara kawai ta kai a Birtaniya, yau kuma ta zama waƙar kowa: piyano yana gudu, ganga tana binsa, farin ciki tsantsa. Wanda ya ji ta bai motsa ba, a duba lafiyarsa.

Dole mu tsaya kan jitar Brian May. Red Special sunanta, shi da mahaifinsa suka ƙera ta a gida tun yana saurayi, har da katakon tsohon murhun ɗumama ɗaki, kuma da kwabon sisin Ingila yake kaɗa ta. Shi ya sa sautinta ya fita daban, mai kauri, mai zaƙi, mai waƙa da bakinsa. Saurari yadda take kuka a "Save Me", yadda take ruri a "Now I'm Here", yadda take wasa a "Good Old-Fashioned Lover Boy". Mutumin da daga baya ya kammala digirin dakta a ilimin taurari ke nan. Baiwa kan baiwa.

Rufewar faifan kuwa ba a magana. "We Will Rock You" da "We Are the Champions", tagwayen 1977, a jere kamar yadda ya kamata. Ta farko minti biyu ce kawai, dukan ƙasa da ƙafa sau biyu, tafi ɗaya, murya a sama, jita ba ta shigowa sai can ƙarshe, kuma in ta shigo sai ta tsaga wurin. Ta biyu ta ɗauke ka ta kai ka filin wasa ko kana zaune a ɗakinka.

To, akwai ƙorafi, domin masoyin gaskiya ba ya rasa abin cewa. Ina "Love of My Life"? Ina "Tie Your Mother Down"? An ba "Flash" gurbi, waƙar fim mai cike da maganganun 'yan wasa, aka bar waɗannan a waje. Abin da ya fi ci mini rai, babu waƙa ko ɗaya da Roger Taylor ya rubuta a cikin 17 ɗin nan, duk da cewa gangarsa da siririyar muryarsa suna ko'ina.

Nan ne Greatest Hits II ya shigo ya share hawaye. Ya fito a Oktoban 1991, ƙasa da wata ɗaya kafin rasuwar Freddie a ranar 24 ga Nuwamba, shi ma da waƙoƙi 17. Taylor ya samu haƙƙinsa da "Radio Ga Ga" da "A Kind of Magic". Ga "Under Pressure" tare da David Bowie, ga "I Want to Break Free" ta Deacon, ga "Hammer to Fall", wadda suka girgiza filin wasa na Wembley da ita a taron Live Aid na 13 ga Yulin 1985, wanda aka shirya don tallafa wa masu fama da yunwa a Habasha. Sai kuma "The Show Must Go On", da Freddie ya rera jikinsa ya riga ya yi rauni ƙwarai, amma muryar tana tsaye cak, mai ƙarfi, mai jarumta, ba ta rawa. Freddie ɗan Zanzibar ya nuna shi namiji ne har ƙarshe. Faifai ne mai girma, sai dai ya fi na farko dogaro da kiɗan na'ura irin na shekarun 1980, kuma wasu waƙoƙinsa, kamar "The Invisible Man", ba su kai sahun gaba ba. Shi ya sa yake na biyu a wurina, a suna da kuma a daraja.

Greatest Hits III na 1999 ƙanzon tukunya ne: yana da daɗi ga wanda ya riga ya ci tuwon. Akwai "Barcelona" ta Freddie da Montserrat Caballé, abin ƙauna, akwai George Michael yana rera "Somebody to Love" a gaban jama'a, amma akwai kuma waƙoƙin da aka sake wa kiɗa ba tare da buƙata ba. Kada a fara da shi. In aljihu ya yarda, a sayi The Platinum Collection na 2000, wanda ya haɗa ukun a akwati ɗaya. Absolute Greatest na 2009 ya yi ƙoƙarin matse komai a waƙoƙi 20, amma matsin ya zubar da kaya masu tsada.

A kula da bugun Amurka. Na 1981 jerinsa daban ne, waƙoƙinsa ba su kai 17 ba, kodayake yana da "Under Pressure" da "Keep Yourself Alive". Na 1992 kuma an raba kayan gida biyu da wani mai suna Classic Queen. Kafin ka biya, juya bayan faifan ka ƙirga. Ka tabbata "Bohemian Rhapsody" ce a farko, "We Are the Champions" a ƙarshe, ga hoton su huɗu a bango, wanda Lord Snowdon ya ɗauka.

Roƙona na ƙarshe, 'yan'uwa: ko a garmaho, ko a CD, ko a waya, kada ku bar manhaja ta cakuɗa muku jerin. Ku bi shi daga farko har ƙarshe, ku ƙure sauti, ku buɗe taga. Maƙwabta ma suna da haƙƙin su ji Freddie!