An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Me Ya Sa Taransifomar Fitilar Silin Ke Yawan Ƙonewa?

Idan gidanku akwai silin POP mai ƙananan fitilun nan da ake nutsawa cikin rami, wataƙila ka san wannan labarin. Fitila ɗaya ta mutu, an canja ƙwai ba ta kama ba. Mai gyaran wuta ya zo, ya zura hannu cikin ramin, ya zaro wani ɗan ƙaramin akwati da ya yi baƙi, ya ce, "Alhaji, taransifomar ce ta ƙone, jabu ce." An sayo sabuwa. Bayan wata biyu ita ma ta bi sahu. A falon yayana sau uku aka yi haka a rami ɗaya, alhali sauran fitilu bakwai da aka saya rana ɗaya, a shago ɗaya, suna nan garau.

Wannan amsa ta "jabu ce" ita nake ƙalubalanta. Ban ce babu jabun kaya a kasuwa ba, akwai su jingim. Amma jabu ba ta zaɓen rami. Idan taransifoma uku suka mutu a wuri guda, to wurin ne abin tuhuma, kuma mai gyaran da ya sa ta huɗu ba tare da ya bincika ba, bai yi gyara ba, cinikin kaya kawai ya yi.

Bari mu fara da lissafi kaɗan. Ƙwan halojin samfurin MR16 da bolt 12 yake aiki, wutar gida kuwa bolt 230 ce, shi ya sa ake sa taransifoma a tsakani ta sauke ta. Sai dai idan bolt ya sauka, gudun wutar da ke bin waya hawa yake yi. Ƙwai mai wat 50 a kan bolt 230 bai wuce amfiya 0.22 yake ja ba. A kan bolt 12 kuwa, kusan amfiya 4.2 yake ja, wato ninki goma sha tara.

A nan gizo ke saƙar. Zafin da ke taruwa a mahaɗar waya yana bin gudun wutar ne idan an ninka shi da kansa. Ɗauka ramin da ƙafafun ƙwan ke shiga ya saki ko ya yi tsatsa, har ya samu turjiyar rabin om. A kan amfiya 0.22, zafin da zai haifar ba abin a zo a gani ba ne. A kan amfiya 4.2 kuwa, ya kusa wat 9, duk a wuri kamar kan allura. Ƙarfen ya ƙara ƙonewa, turjiya ta ƙaru, tartsatsi ya fara. Wannan yankewa da kamawa ita ke jijjiga taransifoma har ta mutu. Mazaunin ƙwan ne mai laifi, kuma shi ne mafi arha a duk kayan, amma da wuya ka ga an canja shi.

Na biyu, zafi. Sai gilashin ƙwan halojin ya haura digiri 250 na Salshiyas sannan yake aiki yadda ya kamata. Kuma da yawa daga cikin ƙwayayen MR16 an ƙera madubinsu ne don ya tura haske gaba, ya bar zafi ya fita ta baya, wato cikin silin, daidai inda aka jefa taransifomar. Haɗa wannan da rufin kwano a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato. Injiniyoyi suna da ƙiyasin da suka daɗe da shi: duk ƙarin digiri 10, rayuwar rufin wayar naɗi da ta wasu nau'in kapasita raguwa take da rabi. Idan fitilarka na mutuwa bayan awa ɗaya, ta dawo da kanta bayan ta huce, ba aljanu ba ne. Makarin zafin da ke cikin taransifomar ne yake yanke wuta, yana yi maka gargaɗi.

Na uku, nauyin da aka ɗora mata. Duba jikinta, za ka ga rubutu kamar 20–60VA. Kowa na kula da lambar sama, kada a wuce ta. Ta ƙasa ce ake mantawa. Taransifomar zamani, mara nauyin nan, tana buƙatar a ja aƙalla wannan adadi kafin ta daidaita. Sai ka ga an cire halojin mai wat 50 an sa LED mai wat 5 don tsimin wuta, an bar tsohuwar taransifoma. Sakamakon shi ne ƙyaftawa, ƙara, ko ƙin kamawa gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, wutar da take fitarwa tana juyawa sau dubbai a daƙiƙa, ƙaramar mita kuwa ba lallai ta iya karanta ta daidai ba, kuma wasu ba sa tashi sam idan babu ƙwai a jikinsu. Ka ga ke nan akwai taransifomomin da aka yanke wa hukuncin mutuwa alhali da ransu.

To, ina batun hawa da saukar wutar layi da ta janareta? Gaskiya ne suna kashe kaya, ba na musu. Amma suna barin sawu daban: fitilu da yawa ne ke tafiya lokaci guda, sau da yawa har da caja ko talabijin. Ba sa bin rami ɗaya suna farauta.

Ga gwajin da ya kamata ka nema, bayan an kashe wutar gidan daga tushe, kuma ƙwararre ne zai yi. A ɗauko taransifoma mai lafiya daga wani rami a musanya da ta ramin da ke ba da matsala. Idan matsalar ta bi taransifomar, to mai cewa jabu ce ya yi gaskiya. Idan ta zauna a ramin, a duba mazaunin ƙwai ko ya yi baƙi, a ɗaure sukurori, a nisanta taransifomar daga bayan ƙwan, a kuma tabbatar wayar bolt 12 ba ta wuce tsawon da kamfani ya rubuta ba, wanda galibi mita biyu ne.

A falon yayana, mazaunin ƙwan ne ya ƙone, rufin wayar da ke jikinsa har ya fara narkewa, kusa da katakon rufi. Abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Kuɗin taransifoma uku ƙaramin abu ne idan ka tuna waye ke kwana ƙarƙashin silin ɗin.

A ra'ayina, fitilar halojin mai bolt 12 ba ta dace da zafin ƙasarmu ba tun farko. Mai sabon gini ya sa LED da direbanta da aka ƙera mata, ko ƙwan GU10 mai ɗaukar bolt 230 kai tsaye. Mai tsohon silin kuwa, idan an sake ce maka jabu ce, ka yi tambaya ɗaya kafin ka zaro kuɗi: "Malam, me ya kashe ta?"