Mai Ɗaura wa Dabino Aure

A gidan kakanmu a Daura akwai wata bishiyar dabino da ta girme ni. Kowace shekara sai ta yi fure ta saki nonna, amma 'ya'yan 'yan mitsi-mitsi ne, babu ƙwallo, ga bauri, ba sa nuna sai dai su kaɗe. Mutanen gida suka ce juya ce. Har an fara zancen sara, sai wani dattijo mai sayar da dashe daga wajen Baure ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce wa kakana, "Alhaji, ai lafiyarta lau. Miji ne ba ta da shi."

Gaskiya ya faɗa. Dabino akwai namiji akwai mace, kowanne da bishiyarsa. Namiji ba ya haihuwa, garin fure kawai yake bayarwa. Inda dabino ya yi yawa iska kan kai garin, amma mace ɗaya tilo a tsakar gida, wa zai kai mata? Ko a gona ma, manomi ba ya ɓata fili da ruwa a kan maza. Idan da hannu ake barbara, namiji guda ya ishi mata kusan 50.

Da sanyi ya shigo dattijon ya dawo da ƙunshi a aljihu: silallan furen namiji, waɗanda ya yanko ranar da kwasfarsu ta tsage, ya shanya a inuwa. Da ya buɗe sai wani gari fari-fari ya tashi, mai ƙanshi. Ya cire takalmi, ya hau. Kafin ya taɓa fure sai da ya bi ƙayoyin gindin ganye ya datse su ɗaya bayan ɗaya, domin ƙayar dabino ba ta wasa da ido. Sannan ya buɗa furen macen da yatsa, ya kaɗa garin a kai, ya cusa silalla uku a tsakiya, kansu a ƙasa yadda garin zai ci gaba da zuba, ya ɗaure da ganye sako-sako.

Aikin bai kai minti goma ba. Gwanintar tana wajen sanin ranar. Furen mace kwanaki kaɗan yake karɓar gari bayan kwasfa ta tsage, kuma kwasfa ba ta tsagewa gaba ɗaya. Yau wannan, jibi waccan. Sau huɗu bawan Allahn nan ya hau bishiyar a mako uku, kullum da hantsi bayan raɓa ta bushe. Daga ƙasa yake gane wadda ta kusa, ta yadda cikinta ya kumbura. Wannan idon shi ne ya fi burge ni, domin ba a koyonsa a shekara ɗaya.

Shi ya nuna mini dalilin lalacewar 'ya'yan dabinonmu a da. Kowane furen mace yana da ɗiya uku. In gari ya same shi, ɗaya ce ke girma, biyun su bushe. In bai samu ba, sai ukun su taso tare, duk fanko. Ya kuma dage cewa ba kowane namiji ake ɗauka ba, wani yakan sa 'ya'ya su fi girma ko su riga nuna. Masanin tsirrai Walter Swingle na Amurka ya rubuta wannan a 1928.

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Dokokin Hammurabi na Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun ambaci haƙƙin mai barbarar gonar dabino, alhali sai a 1694 Camerarius na Jamus ya tabbatar wa Turawa cewa tsirrai suna da jinsi. Imam Muslim ya ruwaito cewa manoman Madina sun taɓa barin barbara, amfanin ya lalace, Manzon Allah (SAW) kuma ya mayar da lamarin ga saninsu na harkar.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke shuka ƙwallo mu zauna jira. Mutum ya ci dabinon Agadas mai daɗi da azumi, ya binne ƙwallon, ya yi ta ban ruwa shekara biyar ko fiye, sannan ya tarar namiji ne. Kusan rabi haka suke fitowa. Macen ma ba lalle ta gaji uwarta ba. Gwani ɗan da ya toho a gindin uwa yake cirewa, bayan ya tara masa ƙasa ya yi saiwa, domin shi ne uwar sak, jinsi da ɗanɗano. Cibiyar NIFOR tana da reshen binciken dabino a Dutse, kuma daga Daura ba nisa ba ne ga mai son iri na gari.

Bayan kusan wata shida da barbarar bishiyarmu, nonnan suka yi nauyi har sai da aka tokare su da sanda. Kakana ya cika kwano ya aika Baure. Dattijon ya ci uku, ya aiko a gaya wa Alhaji kada a bar awaki su taɓa ɗan da ya fito a gindi, zai zo ya cire shi in ya ƙosa.