Gwanintar Hannu ba da Baki ba: Sharhi a kan Faifan Yunchan Lim na Darussan Liszt

1. Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba kundayen da ake rubutawa bayan yawon bincike a ƙasar Magarya da Dungas zai lura da abu guda. Ana kwafe baitocin mawaƙi kalma bayan kalma, a juya su da Faransanci, a fito da jigo da salo. Amma inda mawaƙi ya yi shiru ya bar wa mai kalangu ko mai gurmi fili, sai a rubuta "kiɗa" a wuce. Aikin hannu na minti uku ya tafi cikin kalma ɗaya ke nan. Ames da King sun tara mana sunayen kayan kiɗa da na makaɗa a ƙamusunsu na 1971, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka a 1993. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ma'aunin da za mu ce wannan hannu ya fi wancan, mu kuma kawo hujja. Saboda haka wannan maƙala ta ɗauko faifan da babu muryar mutum a cikinsa ko kaɗan, domin mu gwada kalmominmu a kansa mu ga inda za su kai mu.

2. Faifan da abin da ke cikinsa

Yunchan Lim ɗan Koriya ta Kudu ne, an haife shi a 2004. A watan Yuni na 2022 ya ci gasar piyano ta Van Cliburn da ake yi a Fort Worth ta jihar Teksas a Amurka, yana ɗan shekara 18, mafi ƙarancin shekaru cikin duk waɗanda suka taɓa cin ta. A zagayen kusa da na ƙarshe ya kaɗa Études d'exécution transcendante na Franz Liszt, su 12 cur, a zama ɗaya na sama da awa guda. Wannan zama ne kamfanin Steinway & Sons ya fitar a faifai a 2023.

Kalmar étude asalinta darasi ce, wato abin da ɗan koyo yake maimaitawa don yatsunsa su faɗa. Liszt (1811-1886) ya fara rubuta waɗannan darussa a 1826 yana yaro ɗan shekara 15. Bayan ya ji Paganini, gwanin gogen Turawa, a Paris a 1832, sai ya sake musu gini a 1837, suka yi tsananin da kusan ba mai iya taɓa su sai shi. A 1852 ya rage musu kaya, ya sadaukar da su ga malaminsa Czerny. Kayan aikin ma ya taimaka: tun 1821 Érard ya ƙago dabarar da ke sa ƴar gudumar piyano ta sake bugun tsirkiya kafin madanni ya gama tasowa, kuma da babu ita da saurin maimaita sauti irin wanda Liszt yake nema bai samu ba.

Abin da ya fi shafar mu shi ne, a bugun 1852 goma daga cikin darussan suna ɗauke da suna: Paysage, Mazeppa, Feux follets, Harmonies du soir, da sauransu. Na 2 da na 10 ne kawai aka bari ba suna. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. A wurinmu kiɗa yana da take. Mai kalangu yana matsa tsirkiyoyi a hammata yana sassautawa don ganga ta bi hawa da saukar murya, mahauci ya ji nasa, basarake ya ji nasa. Liszt ma so ya yi mai saurare ya tambayi abin da hannu yake cewa. Bambancin shi ne taken kalangu yana da kalmomi sanannu a bayansa, shi kuwa sunan da Liszt ya bayar nuni ne kawai, sauran aikin yana wuyan makaɗi.

3. Hannun Lim

A Mazeppa ne za a fara gane ko makaɗi mai magana ne ko mai hayaniya. Labarin, wanda Liszt ya ɗauko daga waƙen Victor Hugo, na mutumin da aka ɗaure a bayan doki marar linzami ne, dokin ya yi ta gudu da shi har ya faɗi, daga baya mutumin ya tashi ya zama shugaba. Karin waƙar yana sama da ƙasa, sukuwar doki tana tsakiya, hannu biyu suna karɓeɓeniya da ita. Makaɗa da yawa sukuwar ce take haɗiye su. Lim yana riƙe karin a sarari duk sa'ad da ya dawo, kuma kowace dawowa ta fi ta baya matsuwa, ta yadda faɗuwar dokin takan zo wa kunne a matsayin abin da dole ya faru. Wannan shi ne abin da za mu kira gwaninta, mu bambanta ta da ƙwarewa. Ƙwarewa ita ce hannu ya kai inda aka aike shi. Gwaninta ita ce a ji dalilin aiken.

Feux follets ya fi kowane wuya, ko da yake bai fi kowane ƙara ba. Hannun dama yana gudu da sauti biyu-biyu, a hankali ƙwarai, kamar ƴar wutar da ake hangowa da dare a fadama, ta bayyana ta ɓace. A nan ƙarfi ba ya amfani. Lim yana kaɗa shi da sauri, amma bai lulluɓe shi da feda ba, saboda haka kowane ƙwayar sauti tana fita daban. A ganina nan ne ƙololuwar faifan. Wanda ya taɓa sauraren Ɗan Maraya Jos yana fitar da abin mamaki daga tsirkiya ɗaya ta kuntigi zai gane irin wannan sauƙin hannu, inda wahalar aikin take ɓuya har mai kallo ya zaci shi ma zai iya.

A Paysage da Ricordanza kuwa, inda babu gudu, Lim yana da haƙurin da ba a cika samu ga mai shekarunsa ba: yana barin sauti ya mutu da kansa kafin ya kawo na gaba.

Amma faifan yana da rauni, kuma raunin daga asalinsa yake. Kiɗan gasa ne, a gaban alƙalai, kamar kokawa a fili. A Wilde Jagd da darasi na 10 zafin yana tashi da wuri, har idan aka zo inda ya kamata ya kai maƙura sai a tarar an riga an kashe rabin ƙarfin a hanya. Claudio Arrau, wanda ya ɗauki waɗannan darussa tsakanin 1974 da 1976 bayan ya haura shekara 70, ba shi da saurin Lim, amma ya san inda zai yi rowa don ya yi kyauta a gaba. Harmonies du soir nasa yana tasowa sannu-sannu kamar hadari. Eroica kuwa, a gaskiya, laifin Liszt ne: ganga ce babba marar take, ba na jin akwai hannun da zai cece ta. Sai dai a Chasse-neige na ƙarshe, inda karkarwar sauti take taruwa har ta binne karin waƙar, zafin gasar ya yi wa Lim rana. Mu da ba mu san dusar ƙanƙara ba mun san yadda ƙurar hunturu take shafe gari da tsakar rana, kuma haka kiɗan yake shafe kansa.

4. Madannai a gida

Kada a ɗauka kiɗan madannai baƙo ne ɗungum a Nijar. A 1978 Mamman Sani Abdoulaye, yana saurayi bai kai shekara 30 ba, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan radiyon ƙasa a Yamai da organ ɗinsa na lantarki ƙirar Orla ta Italiya, ya ɗauki kaset da ba a buga da yawa ba. Jama'a sun daɗe suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen radiyo da talabijin, har Sahel Sounds ta sake fitar da shi a 2013 da sunan La Musique électronique du Niger. Idan aka ɗora shi a ma'aunin Liszt ba zai yi nauyi ba, don babu gudun yatsu a ciki. Karin gida ne gajere, irin na "Salamatu", yana dawowa yana dawowa a kan bugun inji da ba ya sauyawa. Amma tambayar da muka yi wa Lim ita ce za mu yi masa: me ya sauya tsakanin dawowa ta farko da ta biyar, kuma don me? A wurin Lim sauyin yana cikin ƙarfi da sauri. A wurin Mamman Sani yana cikin ƴar kwalliyar da yake ƙara wa karin da jinkirin da yake yi kafin ya sauka, dabarar da ta fi kusa da ta mai gurmi.

Ita dai wannan tambaya ce ɗalibi zai iya tafiya da ita kasuwar Magarya ko fadar Dungas. Ya bar na'ura tana ɗauka sa'ad da mawaƙi ya yi shiru, ya ƙidaya sau nawa take ya dawo, ya rubuta minti da daƙiƙar da mai kalangu ya sauya hannu, sannan ya kunna wa makaɗin ya tambaye shi da wane suna su suke kiran wannan sauyi a tsakaninsu.