Kujerar Ƙarfe da Ɗakin Sujada

A shekarar 1919 wani magini Bajamushe, Walter Gropius, ya buɗe makaranta a garin Weimar, aka sa mata suna Bauhaus. Koyarwarta ba ta da wuyar faɗi: a yi kowane abu daidai da aikinsa, ado kuwa a bar shi. Marcel Breuer, ɗalibin da ya zama malami a can, ya dubi kan kekensa, ya ga yadda aka lanƙwasa bututun ƙarfe bai karye ba, sai a 1925 ya yi kujera da irin wannan bututu. Ba ta da nauyi, gara ba ta cinta, ma'aikata kuma tana iya fitar da dubunta. A kan kujera dai sun yi gaskiya.

Da aka zo ga gini, sai magana ta ƙi daidaita. Makarantar ta koma Dessau, aka buɗe sabon gininta a 1926, mai bangon gilashi daga sama har ƙasa. Yana da kyau a hoto, amma da rani ya zama tanda, da hunturu kuwa ɗari ya hana ɗalibai sakat. Ashe masu wa'azin amfani su ma ido ya ja su. 'Yan Nazi suka matsa mata har ta rufe a 1933.

Ina matsayin ɗakin sujada a cikin wannan? A 1930 Rudolf Schwarz ya gina wa 'yan Katolika majami'a a Aachen: dogon farin akwati, tagogi can sama, bango babu zane ko ɗaya. Mutanen gari suka riƙa kamanta ta da ma'aikata. Nufinsa shi ne kada wani abu ya raba hankalin masujada da bagade, wannan kuwa nufi ne mai kyau. Amma aikin majami'a ya wuce zama da sauraro. Akwai tsohuwar da ba ta iya karatu ba, wadda hoton bango ne Littafinta. Littafin Fitowa ma ya nuna Allah da kansa ya ba Bezalel gwanintar sassaƙa da saƙa domin alfarwar sujada. Wanda ya ce ado ba shi da aiki bai ƙirga ayyukan duka ba.

Inda wannan koyarwa ta yi albarka sosai shi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Bam ya rushe majami'u da yawa, kuɗi babu. Otto Bartning, maginin Furotesta wanda ya yi tunanin kafa Bauhaus tare da Gropius tun farko, ya tsara ginshiƙan katako iri ɗaya, ana yin su a ma'aikata a kai kowane gari, ikkilisiyoyin ƙasashen waje suna taimakawa da kuɗi. Bango kuwa 'yan ikkilisiya ne suka tsince tubalan kufai, suka kankare su, suka gina da hannunsu. An yi 43 irin wannan, babu biyu da suka zama ɗaya sak, gama kowane gari da irin tubalinsa. Katakon rufin ma shi ne adon, ba a ɓoye shi ba. An kira su majami'un lokacin wahala, duk da haka yawancinsu suna nan tsaye har yau.