Lodash: Mataimaki Ne Nagari, Amma Ba Zai Yi Maka Tunani Ba

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin manhajar da aka rubuta da yaren JavaScript, da wuya bai ci karo da wani ɗan layi mai ɗigo a gabansa ba, kamar a `_.map` ko `_.get`. Wannan alamar Lodash ce, ɗaya daga cikin laburaren da aka fi amfani da su a duniyar shirya manhaja. Laburare a nan ba ɗakin karatu ba ne. Tarin umarni ne da wani ya riga ya rubuta ya ajiye, kai kuma ka ɗauko ka yi aiki da shi maimakon ka rubuta naka daga farko.

Aikin Lodash shi ne sarrafa nau'ukan bayanan da kowace manhaja ke jujjuyawa kullum: lamba, rubutu, jeri, da ƙunshi, wato abin da ke haɗa suna da ƙimarsa, kamar "gari: Kano". Har yanzu akwai masu koyarwa da ke ce wa ɗalibi ya sauke shi tun kafin ya rubuta layin farko. Ra'ayina shi ne wannan shawara ta tsufa. Laburaren mai kyau ne, amma yadda ake rungumarsa ido rufe yana jawo ɓarnar da ba a gani da wuri.

Me ya sa aka ƙirƙiro shi?

Brendan Eich ya tsara JavaScript a kamfanin Netscape a 1995, cikin gaggawa, kuma tabon gaggawar yana nan har yau. Ka ce wa yaren ya jera lambobin 10, 9 da 1 da `sort()`, sai ya ba ka 1, 10, 9, domin a matsayin rubutu yake kallonsu. Ka tambaye shi ko jerin `[1, 2]` daidai yake da wani jerin `[1, 2]`, sai ya ce a'a, don shi mazauninsu a ƙwaƙwalwar kwamfuta yake dubawa, ba abin da ke cikinsu ba. Ga kuma matsalar burauza: Internet Explorer 8 bai san `map` da `filter` na jeri ba, alhali sauran burauzoji sun sani.

Cikin wannan yanayi Jeremy Ashkenas ya fitar da Underscore a 2009. A 2012 John-David Dalton ya ɗauki Underscore ya gina Lodash a kansa, da nufin ya fi sauri kuma ya yi aiki iri ɗaya a ko'ina. A lokacin, gaskiya, babu abin da ya kai shi. Mutum ya rubuta umarni guda, ya kwanta da tabbacin cewa zai yi aiki a kowace kwamfuta.

Inda ya cancanci yabo

Akwai ayyukan da har gobe Lodash ya fi ka iyawa. `isEqual` yana shiga cikin ƙunshi biyu, hawa-hawa, ya gaya maka ko abin da ke cikinsu ɗaya ne, har da kwanan wata da ƙunshin da ke komawa kan kansa. JavaScript ba shi da makamancinsa har yanzu. Wanda ya ce zai rubuta nasa cikin minti goma, to zai rubuta, amma sai ranar da bayanai masu sarƙaƙiya suka zo zai san abin da ya manta.

Haka `debounce`. Idan kana rubutu a akwatin bincike, ba a so manhaja ta aika tambaya ga sabar a kan kowane harafi. Wannan umarni yana jira sai ka ɗan tsaya, sannan ya aika sau ɗaya. Ana samun sauƙin data, sabar ma ta huta. Wani abin yabon kuma, Lodash bai jingina da wani laburare ba. Idan ka sauke shi, shi kaɗai ka sauke, ba ya zuwa da gayyar 'yan rakiya.

Suna mai daɗi, hali daban

Babban abin da ke damuna da Lodash shi ne sunayen umarninsa suna da saukin fahimta har mutum ya ga ba ya bukatar karanta bayaninsu. Ɗauki `isEmpty`, wanda ake tambaya ko abu fanko ne. Ka ba shi lamba 42, sai ya ce e, fanko ne. Ba kuskure ba ne a wurinsa, haka aka tsara shi, kuma an rubuta a takardar bayaninsa: jeri da rubutu da ƙunshi yake aunawa, ita kuwa lamba ba ta da tsawo, don haka fanko ce.

To ka ɗauka mai bincike yana tattara ma'aunin ruwan sama daga tashoshi, yana so ya zubar da layukan da ba a cike ba. Muddin ma'aunin yana zuwa a matsayin rubutu, "12.5", komai lafiya. Ranar da wani ya gyara manhajar ta riƙa mayar da shi lamba tun daga farko, `isEmpty` zai share duka. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Idan ma rabin tashoshin ne suka koma aiko da lamba, abin ya fi muni, don sakamako zai fito, zai kuma yi kama da na gaskiya. A kimiyya irin wannan kuskuren ne mafi haɗari, wanda ba ya ihu.

Bai san ƙ da ɗ ba

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ka ba `sortBy` sunayen Zainab, Ƙasimu, Kabiru, Ɗanjuma da Dauda. Zai jera maka Dauda, Kabiru, Zainab, sannan Ɗanjuma da Ƙasimu a can ƙarshe. Dalili shi ne lambar kowane harafi a tsarin Unicode yake kwatantawa: Z tana da 90, Ɗ tana da 394, Ƙ kuma 408. Duk sunan da ya fara da harafi mai lanƙwasa sai ya koma bayan layi. A rajistar makaranta ko ta asibiti, ma'aikaci zai duba ƙarƙashin K bai ga Ƙasimu ba, ya buɗe masa sabon fayil.

Adalci shi ne a faɗi cewa `sort()` na JavaScript ma haka yake yi. Amma ai an ce mataimaki aka ɗauko. Maganin yana cikin yaren da kansa, a `localeCompare` da `Intl.Collator`, waɗanda ke ajiye ƙ kusa da k. Haka `deburr`, da ke sauƙaƙa haruffa don bincike: yana mayar da é ta Faransanci e, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ haka zai bar su, saboda suna wajen rukunin haruffan da aka koya masa. Wanda ya rubuta "kasa" a akwatin bincike ba zai ga "ƙasa" ba. Laburare bayanan masu gina shi ya sani, naka kuwa kai ne za ka sani.

Zamani ya cim masa

JavaScript na yau ba na 2012 ba ne. Gyaran 2015 ya kawo `find`, `Map` da `Set`. Na 2017 ya kawo `padStart`, na 2019 ya kawo `flat`. A 2020 aka samu alamar `?.`, mai yin mafi yawan aikin `_.get`, wato shiga cikin ƙunshi ba tare da manhaja ta faɗi ba idan wani hawa ya ɓace. `structuredClone` yana kwafe bayanai har ciki, `Object.groupBy` kuma ya shigo a 2024.

Cikakken Lodash yana da umarni kusan 300, nauyinsa kimanin kilobait 24 bayan an matse shi. Wani zai ce wannan ai ba komai ba ne, hoto ɗaya ya fi shi. Haka ne, amma hoto nuna shi kawai ake yi, shi kuwa kod sai wayar ta warware shi ta karanta kafin shafi ya motsa. Mai ƙaramar waya da ke lissafin datarsa, yana kuma fama da netwok mai zuwa yana ɗaukewa, shi ke biyan kuɗin umarni 297 da ba a taɓa kira ba don an bukaci uku.

Kayan aro

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A 2019 an gano rami a umarnin `defaultsDeep`. A JavaScript, kusan duk ƙunshi yana gadon halaye daga uwa ɗaya. Mugu zai iya aiko da bayanan da aka shirya musamman, idan laburaren ya haɗe su da naka, sai ya rubuta a jikin uwar, nan take duk 'ya'yanta su gaji abin da ya rubuta. Idan abin da ya cusa shi ne "wannan shugaba ne", manhajar da ba ta yi hattara ba za ta iya buɗe wa kowa ƙofa. An toshe ramin a sigar 4.17.12, amma gyaran bai isa ga wanda ya sauke tsohuwar siga ya manta da ita ba.

Kada kuma a ce mafita ita ce a tara ƙananan laburare barkatai. A watan Maris na 2016, Azer Koçulu ya janye ayyukansa daga rumbun npm bayan saɓani a kan sunan wani aikinsa. Cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, mai ƙara gurbi a farkon rubutu. Manyan ayyuka irin su Babel suka kasa haɗuwa, dubban masu shirya manhaja suka tsaya cik, har sai da npm ya maido da shi. Layi 11 fa, wanda ɗalibin wata uku zai iya rubutawa.

Hukunci

Ban ce a jefar da Lodash ba. A tsohuwar manhajar da ke aiki lafiya, cire shi don yayi ɓata lokaci ne, sai dai a riƙa sabunta shi. A sabon aiki kuwa, ka fara duba ko yaren ya riga ya iya abin da kake nema. Idan bai iya ba, ɗauko umarnin da kake bukata shi kaɗai, kamar `lodash/debounce`, ka bar sauran. Kafin ka yarda da kowane umarni, gwada shi da sifili, da lamba, da gurbin da ba a cike ba, da suna mai ƙ ko ɗ. Gwajin ba zai ci maka minti biyar ba.

Mai koyo kuma, shawarata gare ka ita ce ka ɗan jinkirta. Ka rubuta naka umarnin rarraba jeri ko na kwatanta ƙunshi, ko da zai fito a karkace. Daga nan ne za ka gane bambancin lamba 12 da rubutu "12", kuma wannan bambanci shi ne zai hana ma'aunin ruwanka ɓacewa. Idan ka gane shi, ka ɗauko Lodash hankalinka kwance.